Henry James: Marubucin da ya rayu tsakanin Amurka da Turai

A watan Yulin shekarar 1915, yayin da yaƙin duniya na farko ke ci gaba da lanƙwame rayuka, wani dattijo ɗan shekara 72 ya yi rantsuwar zama ɗan ƙasar Birtaniya a birnin Landan. Daga cikin waɗanda suka tsaya masa har da Firayim Ministan lokacin, Herbert Asquith.

Dattijon shi ne Henry James, haifaffen birnin New York, kuma ɗaya daga cikin manyan marubutan ƙagaggun labarai da Amurka ta taɓa samu. Matakin bai yi wa Amurkawa da dama daɗi ba, domin a ganinsu ya juya wa ƙasar haihuwarsa baya. Watanni bakwai bayan haka ya rasu.

Ga mai hange daga nesa, Bature Bature ne, ko daga Landan ya fito ko daga New York. Amma kaso mai yawa na shekaru 50 da James ya yi yana rubutu ya tafi ne wajen nazarin ratar da ke tsakanin mutanen ɓangarorin biyu na tekun Atlantika: yadda suke karɓar baƙo, yadda suke neman aure, abin da suke ɗauka abin kunya, da kuma abin da kan sami mutumin da ya shiga cikin jama'ar da bai san dokokinta ba.

Ƙuruciya a kan hanya

An haifi Henry James ranar 15 ga watan Afrilun 1843. Kakansa, William James, ya yi ƙaura ne daga tsibirin Ireland zuwa Amurka, ya yi kasuwanci a birnin Albany, kuma lokacin da ya rasu a 1832 ya bar dukiyar da ta kai kimanin dala miliyan 3. Wannan gado ne ya hutar da mahaifin Henry daga neman abinci, ya duƙufa ga karatun falsafa da addini.

Mahaifin yana da ra'ayin cewa bai kamata a ɗaure yaro a makaranta ɗaya ko ƙasa ɗaya ba. Saboda haka tsakanin 1855 da 1860 ya yi ta yawo da iyalinsa a Geneva da Landan da Paris da Bonn, yana sauya wa 'ya'yansa malamai da makarantu. Henry ya tashi yana jin Faransanci sosai, ya kuma saba da kallon kowane gari da idon baƙo.

Gidan nasu gidan masana ne. Yayansa, William James, ya zama shahararren malamin falsafa da ilmin halayyar ɗan Adam a jami'ar Harvard. Ƙannensa maza biyu sun shiga yaƙin basasar Amurka, wanda aka gwabza daga 1861 zuwa 1865, amma Henry bai je fagen daga ba, saboda raunin da ya ji wajen kashe wata gobara a garin Newport a 1861.

A 1862 ya shiga sashen koyon aikin lauya na Harvard, bai daɗe ba ya watsar. An buga gajeren labarinsa na farko a 1864, daga nan kuma bai sake yin wata sana'a ba sai rubutu.

Zaɓen wurin zama

A 1869 ya tafi Turai shi kaɗai a karon farko, ya ziyarci Ingila da Faransa da Italiya. Yana can ne, a watan Maris na 1870, labari ya iso masa cewa 'yar uwarsa Minny Temple ta rasu sakamakon tarin fuka tana da shekara 24. Yarinya ce mai kaifin basira da son 'yancin kai, kuma masu nazarin rayuwarsa sun yi ittifaƙin cewa siffarta ce ta riƙa bayyana a cikin fitattun matan littattafansa.

A 1875 ya koma birnin Paris da zama, inda ya yi hulɗa da marubucin Rasha Ivan Turgenev, da na Faransa irin su Gustave Flaubert da Emile Zola. Bayan shekara guda ya lura cewa a Paris ba za a taɓa ɗaukarsa ɗan gida ba. A ƙarshen 1876 ya tare a Landan, kuma Ingila ce ta zama mazauninsa har ƙarshen rayuwarsa.

A Landan ƙofofin manyan gidaje sun buɗe masa. A hunturun 1878 zuwa 1879 kaɗai ya amsa gayyatar cin abincin dare fiye da sau 100. A irin waɗannan wurare ya riƙa lura da wanda ake zaunarwa kusa da wa, da maganar da ake faɗa, da wadda ake haɗiyewa.

Zamanin ma ya ba shi abin rubutu. Bayan yaƙin basasa arzikin Amurka ya bunƙasa ta hanyar jiragen ƙasa da masana'antu, sabbin attajirai kuma suka yi ta tururuwa zuwa Turai da iyalansu. A Turai kuwa akwai tsofaffin gidajen sarauta masu suna da asali, amma aljihunsu ya fara bushewa. Aure ya shiga tsakani. A 1874 Jennie Jerome ta New York ta auri Lord Randolph Churchill, ita ce ta haifi Winston Churchill. A 1895 kuma aka aurar da Consuelo Vanderbilt ga basaraken Marlborough.

Kuɗi da asali

Littafinsa mai suna The American, wato Ba'amurke, ya fito a 1877. Labari ne na Christopher Newman, ɗan kasuwar da ya tara dukiya da guminsa, ya zo Paris neman matar aure. Ya ga Claire de Cintré, 'yar wani tsohon gidan sarauta mai suna Bellegarde, ya nemi aurenta kai tsaye, yana ganin gaskiyarsa da dukiyarsa sun isa.

Da farko dangin sun amince, daga baya suka warware alkawari, domin sun kasa jure haɗa zuri'a da ɗan kasuwa. Claire ta shige gidan zuhudu na mata mabiya ɗariƙar Katolika. Newman ya sami wata takarda da ke nuna cewa uwar gidan na da hannu a mutuwar mijinta, abin da zai iya tona asirin dangin baki ɗaya. A ƙarshe ya jefa takardar cikin wuta. Mutumin da suka raina saboda rashin asali shi ne ya fi su dattako.

Da a nan James ya tsaya, da sai a ce ya goyi bayan 'yan ƙasarsa ne kawai. Sai dai a 1878 ya juya labarin a cikin The Europeans, wato Turawan Turai, inda wasu 'yan uwa biyu da suka tashi a Turai suka ziyarci danginsu a kusa da birnin Boston. A nan Amurkawan ne suka fito a matsayin mutanen kirki amma masu tsananin takura wa kai, waɗanda ke zargin duk wani jin daɗi, ba su kuma san yadda ake sakin jiki da baƙo ba.

Labarin Daisy Miller

Littafin da ya fito da sunansa duniya ƙarami ne. Wata mujalla a birnin Philadelphia ta ƙi buga Daisy Miller, sai mujallar Cornhill ta Landan ta buga shi a 1878. Ya sami karɓuwa nan take, har mawallafa a Amurka suka riƙa buga shi ba tare da izininsa ba, domin sai a 1891 Amurka ta kafa dokar kare haƙƙin mallakar littattafan da aka fara bugawa a ƙasashen waje.

Daisy budurwa ce 'yar attajiri daga garin Schenectady na jihar New York, tana yawon buɗe ido a Turai tare da mahaifiyarta da ƙanenta. A garinsu ba laifi ba ne budurwa ta fita yawo da saurayi ba tare da rakiya ba. A Turai ta wancan zamani kuwa, tsakanin manyan mutane, hakan ya isa ya zubar da mutuncin yarinya.

A garin Vevey na ƙasar Suwizalan ta haɗu da Winterbourne, wani matashi Ba'amurke da ya daɗe a Geneva. Tana burge shi, amma ya kasa gane ko rashin sani ne ke damunta ko rashin kamun kai. A birnin Rum ta riƙa fita da wani saurayi ɗan Italiya mai suna Giovanelli. An gargaɗe ta, ta ƙi ji, domin ba ta ga laifin da ta aikata ba. Masu iya magana kan ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma ka nemi tsumma ka ɗaura. Daisy ba ta ɗaura ba.

Abin lura shi ne waɗanda suka yanke mata hukunci ba Italiyawa ba ne. 'Yan uwanta Amurkawa ne mazauna Rum, waɗanda suka ari al'adun Turai suka fi masu su tsanantawa, suna tsoron kada halinta ya sa a raina su. Ɗaya daga cikin matansu ta juya mata baya a bainar jama'a a wajen wata liyafa, sauran kuma suka daina gayyatarta.

Wata rana da dare Winterbourne ya same ta tare da Giovanelli a kangon tsohon dandalin Colosseum, nan take ya yanke cewa ba 'yar mutunci ba ce. Daisy ta kamu da zazzaɓin da ake kira na Rum, wato zazzaɓin cizon sauro, wanda a lokacin ake dangantawa da gurɓatacciyar iskar dare, ta rasu. A bakin kabarinta ne Giovanelli ya tabbatar masa cewa yarinyar ba ta san komai ba. Sai a sannan Winterbourne ya gane cewa daɗewarsa a ƙasar waje ta sa ya kasa fahimtar 'yar ƙasarsa.

A Amurka an yi ta muhawara a kan littafin. Wasu na ganin cin mutunci ne ga 'yan matan ƙasar, wasu kuma na ganin kare su ya yi. Fushin ya ƙaru a 1879, lokacin da ya wallafa nazari a kan marubuci Nathaniel Hawthorne, inda ya lissafa abubuwan da ya ce Amurka ba ta da su: sarki, da fada, da gidajen sarauta, da tsofaffin gine-gine, da makarantu masu dogon tarihi irin su Oxford da Eton. A ra'ayinsa, marubuci na buƙatar al'umma mai tsohon tarihi kafin ya sami abin faɗa.

Isabel Archer da farashin 'yanci

A 1881 ya fitar da The Portrait of a Lady, wato Hoton Wata Baiwar Allah, wanda da yawa ke ɗauka shi ne gwarzon littattafansa. Isabel Archer marainiya ce daga Albany, wadda 'yar uwar mahaifiyarta ta kawo Ingila. Babban burinta shi ne ta zaɓa wa kanta rayuwa. Ta ƙi auren wani basaraken Ingila, Lord Warburton, ta kuma ƙi wani mai masana'anta daga Amurka.

Ɗan uwanta Ralph, wanda ke fama da doguwar jinya, ya roƙi mahaifinsa ya bar mata gadon fam dubu 70, don ta sami damar yin abin da take so. Dukiyar ce ta zame mata tarko. Wata mata mai daɗin baki da sanin ladubban zama, Madame Merle, ta haɗa ta da Gilbert Osmond, mazaunin birnin Florence, mutum mai natsuwa da sanin kayan tarihi, wanda ba shi da kuɗi. Isabel ta aure shi tana ganin zaɓin kanta ne.

Bayan aure ta tarar da mutum mai busasshiyar zuciya, wanda ke son mallakar tunaninta kamar yadda ya mallaki dukiyarta. Daga baya ta gano cewa Madame Merle ce ta haifi 'yar Osmond, kuma don yarinyar aka ƙulla auren. A ƙarshen littafin Isabel ta sami damar guduwa, amma ta koma Rum, inda alkawarin da ta yi wa yarinyar da kuma igiyar aurenta ke jiranta.

Osmond da Madame Merle duk asalinsu Amurkawa ne. A nan ma James ya nuna cewa mafi haɗari shi ne mutumin da ya rabu da gaskiyar gidansu, ya kuma ɗauki ɓawon al'adar wasu ya bar ƙwayar. Iya gaisuwa da iya zama a wurinsa ba su ne kirki ba, haka kuma kyakkyawar niyya ba ta kare wanda ya ƙi koyon halin mutanen da yake zaune da su.

Shekarun koma-baya

Iyayensa biyu sun rasu a 1882. Littattafan da ya fitar a 1886, waɗanda suka kauce wa batun Amurka da Turai, ba su yi kasuwa ba. Sai ya juya ga wasan kwaikwayo da fatan samun kuɗi. Ranar 5 ga watan Janairun 1895 aka buɗe wasansa mai suna Guy Domville a Landan, kuma da ya fito gaban jama'a bayan an kammala, wani sashe na 'yan kallo ya yi masa ihu. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

Ya koma ga ƙagaggun labarai. A 1898 ya bar Landan ya tare a wani gida mai suna Lamb House a ƙaramin garin Rye da ke kudancin Ingila. Ciwon hannu ya sa ya daina rubutu da alƙalami, ya koma yin shifta ga mai buga tafireta. Bai taɓa yin aure ba.

A Rye ne ya sake komawa kan tsohon batunsa, ya fitar da manyan littattafai uku a jere. A cikin The Wings of the Dove na 1902, wasu masoya biyu 'yan Ingila marasa kuɗi sun shirya yaudarar wata attajira Ba'amurkiya da ke dab da mutuwa don su gaje ta. Ta gano shirin, duk da haka ta bar wa saurayin dukiya, kuma wannan alheri ne ya lalata soyayyarsu.

A cikin The Ambassadors na 1903, wata attajira ta aiki Lambert Strether, ɗan shekara 55, zuwa Paris ya dawo mata da ɗanta, wanda take zaton birnin ya lalata. Strether ya tarar yaron ya ƙara wayewa da hankali, shi kansa kuma ya fara ganin cewa ya ƙarar da rayuwarsa cikin takura. Daga bisani ya gano cewa zargin uwar ba duka ne ƙarya ba. Ya koma gida hannu rabbana, amma da sabon ido.

A cikin The Golden Bowl na 1904, 'yar wani hamshaƙin attajirin Amurka ta auri ɗan sarautar Italiya da ya talauce, ta gano yana cin amanarta, ta kuma ceto aurenta ta hanyar amfani da makamin Turawan kansu, wato shiru da ɓoye abin da ke zuci. A wannan karo Ba'amurkiya ce ta yi nasara, sai dai ta rasa sakin zuciyar da ta zo da shi.

Salon waɗannan littattafai na da wuya, jimlolinsu dogaye ne, kuma yawancin abin da ke faruwa a cikin zukatan mutane yake faruwa. Har yayansa William ya sha yi masa ƙorafi a wasiƙu cewa ya riƙa faɗar magana kai tsaye.

Baƙo a gida

A 1904 James ya koma Amurka bayan fiye da shekaru 20 rabonsa da ita. Ya tarar an rushe gidan da aka haife shi, dogayen benaye sun mamaye New York, dubban baƙin haure kuma na shigowa ta tsibirin Ellis. Ya ci abinci a fadar White House tare da shugaba Theodore Roosevelt, mutumin da ba ya ganin girman Amurkawan da ke barin ƙasarsu su tare a Turai. Ya kuma gabatar da lacca inda ya soki yadda 'yan ƙasar ke sakaci da lafazin Ingilishi.

Abin da ya gani ya tattara a littafin The American Scene na 1907. Ƙarfin ƙasar ya ba shi mamaki, amma ya damu da yadda neman kuɗi ke share duk wani abu mai tarihi. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi: a Ingila ana kallonsa Ba'amurke, a Amurka kuma ana kallonsa Bature.

Tsakanin 1907 da 1909 ya sake gyara ayyukansa aka buga su cikin juzu'i 24, amma cinikin bai taka kara ya karya ba. Wannan, tare da rasuwar William a 1910, ya jefa shi cikin matsananciyar damuwa.

Yaƙi da rasuwa

Ɓarkewar yaƙi a 1914 ta girgiza shi, domin Turan da ya ɗauka matattarar wayewa ce ta auka cikin kisan juna. Ya shiga aikin taimakon 'yan gudun hijirar Beljiyam, yana ziyartar sojojin da suka ji rauni a asibitoci, ya kuma mara wa ƙungiyar Amurkawa 'yan sa-kai masu tuƙa motocin ɗaukar majiyyata baya.

Ya ji takaicin yadda Amurka ta ƙi shiga yaƙin. Bugu da ƙari, dokar lokacin yaƙi ta sa shi, bayan kusan shekaru 40 a Ingila, sai ya nemi izinin 'yan sanda a matsayin baƙo kafin ya je gidansa na Rye, wanda ke yankin gaɓar teku. Waɗannan dalilai ne suka kai shi ga rantsuwar watan Yulin 1915. Amurka ba ta shiga yaƙin ba sai a watan Afrilun 1917, bayan rasuwarsa.

A watan Disambar 1915 ya gamu da shanyewar ɓarin jiki. A farkon 1916 Sarki George na Biyar ya ba shi lambar girma ta Order of Merit, aka kai masa har gadon jinya. Ya rasu a Landan ranar 28 ga watan Fabrairun 1916. An ƙona gawarsa, matar yayansa kuma ta ɗauki tokar zuwa Amurka, aka binne a maƙabartar iyalinsu da ke Cambridge a jihar Massachusetts.

Ya bar ƙagaggun littattafai kimanin 20 da gajerun labarai fiye da 100. Bayan rasuwarsa an yi shekaru ana jayayya a kansa. A 1925 manazarci Van Wyck Brooks ya wallafa littafi yana mai cewa barin gida ya raunana basirarsa. Daga shekarun 1940 martabarsa ta sake ɗagawa, aka shigar da littattafansa cikin manhajar jami'o'i, aka kuma mayar da da dama daga cikinsu fina-finai, ciki har da labarin Isabel Archer a 1996.

A 1976 aka kafa dutsen tunawa da shi a kusurwar marubuta ta majami'ar Westminster da ke Landan. Rubutun da ke kan kabarinsa a Cambridge kuwa ya bayyana shi a matsayin ɗan ƙasashe biyu.